Shanya da Adana Rarar Kayan Lambu na Gida

Kayan lambu ba sa nuna daidai da buƙatar tukunya. Gindin tumatir 20 a lambun gida kan yi makonni ba su ba da abin miya ɗaya ba, sannan tsakanin Janairu da Maris su nuna gaba ɗaya, a riƙa cika kwando duk bayan kwana biyu. A daidai lokacin ne kuma kayan noman rani na Kadawa da Kura da Danja ke malala kasuwa, farashi ya faɗi warwas, ta yadda wanda ya ɗauki rarar lambunsa zuwa 'Yankaba da wuya ya fitar da kuɗin mota. Daga Mayu zuwa Agusta lamarin ya juya, tumatir ya yi wuya, gidan da ya zubar da shi a juji ya koma sayen na gwangwani. A shekarar 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, masu kauɗa, wato busasshen tumatir, a ɗaki ne suka ci gaba da miya yadda suka saba. Kuɓewa da ganyaye su ma haka suke yi, sai dai nasu yawan a ƙarshen damina yake zuwa.

Shanya tsohuwar sana'a ce, kuma kusan kowa ya taɓa ganin ana yinta. Wannan ne ya sa sababbin masu lambu ke ɗaukarta da sauƙi, suna maimaita kurakurai iri ɗaya: a jira sai kaya ya fara lalacewa sannan a tuna da shanya, a baza shi a ƙasa, a kwashe tun bai gama bushewa ba, a ƙulle a leda. Bayan wata ɗaya a buɗe a tarar da fumfuna. Dukan aikin yana tattare ne a kan ruwa. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, kuɓewa kusan kashi 90, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci da wannan ruwan suke rayuwa. Ko dai a fitar da shi ƙarƙaf, ko a kashe ƙwayoyin da zafi a hana wasu shiga. Wanda ya tsaya a tsakiya ya yi asarar kaya da lokaci, wani lokaci har da lafiya.

Kayan aiki

Wuƙa mai kaifi wadda ba ta tsatsa, da katakon yanka mai tsabta.
Gadon shanya mai tsayin aƙalla mita 1 daga ƙasa, na itace ko na kara, da faifai ko tabarmar kaba ko ragar roba a kai.
Tsohon gidan sauro wankakke, ko yadi shara-shara na rufewa.
Baho biyu, kwando, rariya, turmi da taɓarya.
Kwalabe masu murfin ƙarfe, da robobi ko gwangwanaye masu rufuwa ruf.
Babbar tukunya mai zurfi, gishiri, da lemon tsami.
Tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, da yashi.

Kwanon rufi da ragar ƙarfe mai tsatsa ba sa cikin jerin da gangan. Tsamin tumatir yana cin ƙarfe, ya baƙanta yankan, ya bar masa ɗanɗanon tsatsa. Buhun da ya taɓa ɗaukar takin zamani ko maganin feshi shi ma bai dace da shimfiɗa ba, ko an wanke shi.

Mataki na 1: Tsinka da tantancewa

Da sassafe ake tsinka, bayan raɓa ta ɗauke, kafin rana ta yi zafi. Kayan da aka tsinka da tsakar rana yana shiga kwando da zafinsa, kuma zafin nan yana hanzarta laushi. In an yi feshin maganin ƙwari, dole a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tsinka, domin shanya tana fitar da ruwa ne kawai, ragowar maganin yana nan, ya ma ƙara tattaruwa a ɗan abin da ya rage.

Nan take a raba kayan. Mai ƙwari, wanda ya nuna sosai kuma ba tabo, shi ne na shanya da na kwalba. Wanda ya ɗan fashe ko ya yi laushi na miyar yau ne. Wanda ya soma ruɓewa, ko tsutsa ta huda, a ware shi nesa. A nan ne mafi yawan masu farawa ke kuskure, suna ganin ai abin da ya fara lalacewa shi ya kamata a ceta da shanya. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓe. Yanka ɗaya mai fumfuna kan harbi faifai guda, kuma warinsa yana bin miya har bayan watanni.

Akwai kuma kayan da ba su da rabo a shanya ko kaɗan. Latas da kokwamba in sun bushe ba abin da ke saura a cikinsu. Waɗannan a ci, sauran a aika wa maƙwabta da dangi tun suna sabo, kada a jira sai sun yi yaushi sannan a ce za a yi kyauta da su.

Mataki na 2: Ajiyar 'yan kwanaki

Ba kullum ake da sukunin yanka kwando uku a yini ɗaya ba, kuma firiji bai da tabbas inda wuta ba ta tsayawa. Tukunya cikin tukunya tana sayen lokaci. Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara a karkara a shekarun 1990, har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana zuba yashi a gindin babbar tukunyar ƙasa, a zaunar da ƙaramar a ciki har bakunansu su yi daidai, a cika ratar da ke tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf. Kayan lambu su shiga ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafi, yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma.

Tumatir da tattasai da yalo kan kai mako biyu zuwa uku a ciki, maimakon 'yan kwanaki. Dabarar ta fi ƙarfi a hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe. Da damina sanyin da take bayarwa kaɗan ne. Ba a sa albasa a ciki, don danshi ne makashinta. Nunannen tumatir kuma yana fitar da wata iska mai sa ganye ya yi rawaya da wuri, saboda haka alayyahu ya fi son tukunyarsa daban.

Mataki na 3: Wanki da yanka

Wanki kafin yanka, ba bayansa ba. A wanke da ruwa mai tsabta sau biyu, a tsane a kwando har jikin ya bushe. Wanda ya yanka kuɓewa sannan ya wanke ya zubar da yauƙin da ake nemanta dominsa, ya kuma ƙara wa kansa kwana biyu na shanya.

Kaurin yanka shi ke yanke yawan kwanakin da za a yi, kuma daidaito ya fi komai muhimmanci. In wasu yankan sirara ne wasu masu kauri, siraran za su bushe, mai shanya ya ɗauka an gama, masu kaurin su shiga buhu da ruwansu. Tumatir mai tsoka irin Roma da wanda 'yan kasuwa ke kira UTC a tsaga shi biyu a tsaye, in babba ne huɗu. Zagayayyen nan mai yawan ruwa ya fi dacewa da kwalba, amma in dole ne a shanya shi sai a yanka falle-falle, kaurin rabin santimita, a matse 'ya'yan da ruwan cikin. Kuɓewa a cire kai da wutsiya, a yanka siriri. Wadda ta riƙa, ta ƙi karyewa in an lanƙwasa bakinta, ba ta da amfani a miya ko ɗanya ko busasshiya. A bar ta a jikin uwar ta zama iri. Tattasai a tsaga a fitar da 'ya'ya. Attarugu yana da tsoka, yana ruɓewa daga ciki in an bar shi a dunƙule, don haka a tsaga shi ko a huda. Ƙananan barkono ne kaɗai ake shanyawa yadda suke. Mai yankan attarugu da yawa ya sa leda a hannu ko ya shafa mai, ya kuma kiyayi ido da fuskar yara har sai ya wanke da sabulu.

Mataki na 4: Shanya

Abu uku ke busar da kaya: zafi, busasshiyar iska, da motsin iskar. Gadon shanya yana barin iska ta bi ta ƙasa da ta sama, abin da siminti ko tabarma a ƙasa ba sa yi. Yana kuma nisanta abinci daga ƙura da kaji da awaki, da ɓera wanda ya fi su haɗari. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera a kan abinci, kuma cutar ta fi tashi a watannin rani, wato lokacin shanya. Baza tumatir a gefen kwalta, yadda ake gani a manyan hanyoyi, yana ƙara masa hayaƙin mota da tsakuwa. Kauɗar da ke sa a ji ƙasa-ƙasa a miya daga nan take fitowa, kuma ita ta ɓata wa kauɗa suna a wurin matan birni.

A jera tumatir fuskar da aka yanka tana kallon sama, kada wani ya hau wani. Ɗan barbaɗa gishiri kaɗan yana jawo ruwa waje, yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin ruɓa a yinin farko, wanda shi ne mafi hatsari. Sai dai a tuna da gishirin nan ranar girki. A rufe da gidan sauro, a ɗage shi da sanduna yadda ba zai taɓa kayan ba, domin ƙuda na iya yin ƙwai ta cikin raga in ta kwanta a kai. Shanyar farko da safe ake fara ta, don yankan ya sami yini guda cur na rana. Wanda aka yanka da la'asar ya kwana da ruwansa yakan wayi gari da tsami.

Ba a juya tumatir sai samansa ya yi fata, yawanci a kwana na biyu ko na uku. Kowace yamma a shigar da faifan ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, saboda busasshen abu yana shan raɓa fiye da yadda ake zato, dare ɗaya ya mayar da aikin yini baya. A hunturu da bazara tumatir kan ɗauki kwana 4 zuwa 7, tattasai da attarugu kusan mako guda ko fiye, kuɓewa kwana 3 zuwa 5. Hazo mai kauri yana rage zafin rana ya kuma kawo ƙura, sai a ƙara yadi a kan ragar, a ƙara haƙuri. Mai shanya ya shirya wa ganin kayansa sun ƙanƙance: kilo 10 na ɗanyen tumatir ba ya ba da kilo 1 na kauɗa.

Ganye hukuncinsa daban. Zogale, kuka, rama, yakuwa, lalo, karkashi, tafasa da alayyahu duk a inuwa ake busar da su, a ɗaki mai tagogi ko a rumfa. Hasken rana kai tsaye yana kashe korensu, yana kuma lalata sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda shi ne babban amfanin ganyen ga yara da masu shayarwa. Garin kukar da ya fito kore shar an busar da shi a inuwa ne. Wanda ya yi ruwan ƙasa rana ta cinye shi. A zage ganyen daga itacensa, a baza shi ba kauri, a riƙa motsawa sau biyu a yini. Zogale da kuka kan bushe a kwana 3 ko 4. Alayyahu da rama da kabeji sun fi riƙe launi da ɗanɗano in an tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 2 zuwa 3, a tsame, a tsoma a ruwan sanyi, a matse, sannan a baza. Tsomawar tana tsayar da sinadaran cikin ganyen da ke ci gaba da canza shi ko bayan ya bushe. Lalo da karkashi da kuka ba a tsoma su, don yauƙinsu zai bi ruwan. Karas ma ana yi masa wannan tsomawa bayan an yanka siriri.

Wahalar ita ce kuɓewa da ganye sun fi yawa a Agusta da Satumba, lokacin da iska ta jiƙe kuma hadari na iya tasowa kowane lokaci. A irin wannan yanayi a ƙara sirantar da yanka, a rage yawan abin da ake bazawa a faifai, kada kuma a yanka sai an ga alamar rana. Akwatin shanya yana taimakawa sosai: akwatin katako a shafa wa cikinsa baƙin fenti, a rufe samansa da farar leda ko gilashi a karkace, a buɗe ƙofofin iska a ƙasa da sama a toshe su da raga. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta fita ta sama da danshin. Kuskuren da ake yi shi ne rufe akwatin ruf don a ƙara zafi, sai kayan su dahu a cikin tururinsu. Zafin da ya haura digiri 60 ma yana ƙeƙasar da bayan yankan, cikin ya rage da ruwa a kulle.

Mataki na 5: Gwajin bushewa

Ido ba ya isa. Kuɓewa da barkono da karas su karye ƙas in an lanƙwasa, barkono kuma a ji 'ya'yansa suna kaɗawa in an girgiza. Ganye ya murmushe a tafin hannu. Kauɗa ta zama kamar fata, in an tsaga mafi kaurin cikinsu aka matsa da farce kada a ga laima, kada kuma ta manne a yatsa. Wadda ake son ta kai damina gara a bar ta har ta soma karyewa. Gwajin a yi shi bayan kayan sun huce, domin mai zafi yakan yaudari hannu.

Ko bayan wannan akwai gwaji na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. A zuba kayan a kwalba mai haske, kada a cika ta, a rufe, a ajiye mako guda ana girgizawa kullum. Yankan da suka fi bushewa za su ja danshin waɗanda suka rage, komai ya daidaita. In aka ga gumi a jikin kwalbar, ko yankan suna mannewa da juna, a mayar da su rana. In fumfuna ta riga ta fito, a zubar duka. Wasu na kakkaɓe ta su sake shanyawa, wai ai wuta za ta kashe komai. Wasu nau'o'in fumfuna, musamman a busasshen barkono, suna barin dafin aflatoxin, wanda girki ba ya kashewa kuma yake taruwa ya cutar da hanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 6: Ajiya

Abin da aka busar a sarari yana iya ɗauke da ƙwan ƙwari da ido ba ya gani. Mai firiza ya ƙulle kayan a leda ya sa su a ciki na awa 48; mai oven ya gasa su a digiri 70 na minti 30. Sannan a zuba a kwalba ko roba mai rufuwa, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, a ɗage daga ƙasa kuma nesa da bango. Ƙananan mazubai da yawa sun fi babba guda, saboda duk buɗewa danshi ne ke shiga, balle a watan Agusta. A rubuta wata da shekara a jiki, a fara cin wanda ya riga shiga.

Daka sai an tashi amfani. Kuɓewa da kuka da barkono sun fi daɗewa a yadda suka bushe; da zarar sun zama gari iska tana samun su ta ko'ina, ƙamshi da yauƙi su fara tafiya. A daka na mako biyu ko wata guda, a tankaɗe, sauran ya jira. Magungunan ƙwari irin fiya-fiya da ƙwayar maganin rumbu ba su da wuri a cikin kayan miya ko kaɗan. An sha samun gidajen da guba ta kwantar ta wannan hanya, kuma mazubi mai rufuwa ruf ya wadatar.

Ranar girki a ɗauraye kauɗa, a jiƙa ta a ruwan ɗumi na minti 30, a markaɗa tare da ruwan jiƙon da tattasai da albasa ɗanya. Tsaminta ya fi na ɗanye, kuma soya ta sosai a mai yana rage shi ba sai an kai ga kanwa ba.

Mataki na 7: Tumatir na kwalba

Wannan hanya tana ba da miya mai launi da ɗanɗanon sabon tumatir, amma ita ce ta fi buƙatar kiyaye ƙa'ida. A markaɗa tumatir zalla, a tace 'ya'ya da ɓawo in ana so. Mai son rage cin itace ya zuba markaɗen a jakar yadi mai tsabta ya rataye na awa ɗaya ko biyu, ruwa-ruwan ya tsiyaye a baho a yi miyar ranar da shi. Sauran a dafa, ana juyawa, har ya yi kaurin kunu. Kada a kai shi kaurin na gwangwani, domin zafi ba ya ratsa abu mai kauri sosai har tsakiyar kwalba. Kada kuma a bar shi ya kwana a tukunyar alminiyam.

Kwalaben su kasance ba tsagu a baki, murafunsu na ƙarfe ne masu roba a ciki, ba tsatsa ba lanƙwasa. Murfin roba ba ya kamawa. A wanke su, a dafa na minti 10, a bar su a ruwan zafi har lokacin zubi, don kwalba mai sanyi tana fashewa in zafi ya same ta farat ɗaya. A kowace kwalba ta rabin lita a fara zuba cokali babba 1 na ruwan lemon tsami, ta lita guda cokali 2. A zuba tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar santimita 1 da rabi a sama, a goge bakin, a murɗa murfin daidai ƙarfin yatsu. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben a tsaye, a zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da santimita 3 zuwa 5. Ana fara ƙirga lokaci ne daga sa'ad da ruwan ya tafasa sosai: minti 40 ga rabin lita, minti 50 ga lita guda, a garuruwa irin Kano da Zariya da Maraɗi. A tudu kamar Jos ruwa yana tafasa kafin ya kai cikakken zafi, sai a ƙara minti 5. A tsame, a jera a kan tsumma, kada a taɓa su har washegari. Murfin da ya kama yana lotsawa ciki, ba ya motsi in an danna tsakiyarsa. Wanda bai kama ba a yi miya da shi a ranar.

Lemon tsamin yana da dalili mai nauyi. Akwai ƙwayar cuta a cikin ƙasa, Clostridium botulinum, wadda irinta ke jure tafasar ruwa, kuma ta fi son wurin da ba iska, wato cikin rufaffiyar kwalba. Tsami ne ke hana ta farkawa. Tumatir yana kan iyaka, wani yana da isasshen tsami wani ba shi da shi, musamman wanda ya nuna ya wuce. Albasa da tattasai da attarugu da kuɓewa da karas tsaminsu kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka al'adar markaɗa kayan miya gaba ɗaya, tumatir da tattasai da albasa, a dafa a kwalba a ajiye a kan kanta, tana da haɗari ko da an saba yi ba a ga komai ba. Haɗin irin wannan sai firiza, ko tukunyar matsin tururi ta musamman da ke kai zafi digiri 116 zuwa 121. Dafin ƙwayar yana shanye jiki har numfashi, kuma ba lallai ya canza wari ko launi ba. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, ko take kumfa, a binne abin cikinta ba tare da an ɗanɗana ba, kada kuma a ba kaji. Mai kyau ma a tabbatar ya tafasa aƙalla minti 10 a cikin miya. Wadda aka buɗe a sa ta a firiji a ƙarar da ita a kwana biyu ko uku; in ba firiji, a ƙarar da ita a ranar.

Mataki na 8: Albasa, lawashi da kabewa

Waɗannan ba sa buƙatar wuƙa. Albasa a daina ba ta ruwa mako ɗaya zuwa biyu kafin cira, a jira sai yawancin ganyen ya kwanta da kansa. Bayan cira a baza ta a inuwa mai iska na kwana 10 zuwa 14, har wuyanta ya bushe ya rufe, ɓawon ya riƙa ƙara in an taɓa. Ta wuyan nan ruɓa ke shiga, shi ya sa wadda aka yanke wa ganye tana ɗanya ba ta daɗewa. Mai kaurin wuya da wadda ta yi tsiri a fara cinye su. Manoman Galmi a Nijar da na Aliero a Kebbi suna ajiye tasu watanni a rumbunan kara masu ɗagaggen gindi. A gida, kwando ko raga a rataye a rumfa ya isa, a riƙa dubawa duk mako ana fitar da mai laushi. Lawashin da aka yanke kuwa shi ne gabu: a daka shi sama-sama, a dunƙula ƙanana, a shanya har ya bushe ƙamas, ya zama abin ƙamshin miya na shekara.

Kabewa a bar ta ta riƙa a jikin yaɗo har ɓawon ya ƙi farce, a yanke ta da guntun hannunta, kada a ɗaga ta da shi don in ya ɓalle ruɓa ta sami ƙofa. A ajiye a kan katako a inuwa, kada su taɓa juna. Wadda aka riga aka fasa a fere ta, a yanka dogaye sirara, a rataye a igiya ta bushe don miyar taushe.

Mataki na 9: Abin da ya rage

Ɓawo da kawunan kuɓewa da ganyen da ya tsufa na awaki da kaji ne, ban da ganye da karan tumatir, waɗanda ba su dace da dabba ba. Ruɓaɓɓen da ba cuta ce ta kama shi ba ya shiga ramin taki, a riƙa bin kowane zubi da busasshen ganye da kashin dabbobi da ɗan toka, a rufe da ƙasa don ƙuda da ɓera, a riƙa yayyafa ruwa da juyawa; a wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki. Shukar da tsutsa ko ciwon yaushi ya kama a ƙone ta, domin ramin takin gida ba ya yin zafin da zai kashe cutar, sai ta koma lambu a shekara mai zuwa.

Iri kuma daga mafi kyawun shuka ake ɗauka, tun tsakiyar nuna, ba daga ragowar ƙarshe ba. 'Ya'yan tumatir a matse su da ruwansu a kofi, a bari kwana 2 zuwa 3 su yi tsami har santsin da ke lulluɓe da su ya narke, a wanke, a zubar da masu tasowa saman ruwa, a busar da na ƙasa a inuwa. Kuɓewa a bar ƙwanson ya bushe a jikin uwar har ya soma tsagewa. Irin kamfani mai alamar F1 a jikin fakiti ba a ajiye 'ya'yansa, saboda abin da za su haifa ba zai yi kama da uwar ba. Sauran a naɗe a takarda, a rubuta suna da shekara, a sa a kwalba tare da 'yar busasshiyar toka ko gawayi mai shan danshi.